Yadda ake haɗa albam ɗin hebi metal mai ba da labarin ban tsoro

Tun da na fara magana a kan kiɗan hebi metal, kiɗan nan mai nauyi na jitar lantarki da ganguna masu ƙara, tambayar da ta fi dawo mini ita ce ta albam mai labari guda. Wato waƙoƙi takwas ko tara da aka jera kamar babi-babi, labari ɗaya na tafiya daga ta farko har ta ƙarshe, kuma labarin mai tayar da tsigar jiki ne. Wani kayan aiki yake tambaya, wani kuɗi, wani kuma ya riga ya naɗi waƙa uku ya maƙale, bai san inda zai dosa ba. To ga yadda aikin yake, daki-daki. Ku bi jerin yadda na kawo shi, domin wanda ya tsallake matakin farko sai ya dawo ya yi shi, bayan ya gama ɓata lokaci da kuɗinsa.

1. Rubuta labarin kafin ka taɓa jita

Ajiye jitar. Ɗauki biro da takarda ka rubuta labarin a shafi ɗaya, ba fiye ba. Mutane uku ko huɗu sun isa, wuri ɗaya, da sirri ɗaya da aka binne tun da daɗewa. Mai sauraro ba ya ganin fuska, ba ya iya komawa shafi na baya kamar mai karanta littafi, kunne kawai yake da shi, kuma kunnen na fama da ƙarar ganguna. Idan ka cika masa sunaye zai saki labarin ya koma jin kiɗa kawai.

Albam ɗin da aka fi kafa misali da shi a wannan fage shi ne Abigail, wanda mawaƙin ƙasar Denmak King Diamond ya fitar a 1987. Dubi ƙanƙantar ginin: mata da miji sun iso wani tsohon gida da mijin ya gada, a shekarar 1845, an gargaɗe su tun a hanya sun ƙi ji, sai abin da ya faru a gidan a 1777 ya fara bin su. Shi ke nan. Waƙa tara, kusan minti 40.

Ga wanda na gina don in riƙa kawo misali da shi a nan. Wani mutum ya gaji gidan kakansa a ƙauye. A tsakar gidan akwai rijiya da aka rufe da itace da laka tun kafin a haife shi. Rani ya yi tsanani, ya buɗe ta duk da tsohuwar maƙwabciya ta hana shi. Gugan farko ya fito da ruwa, na biyu ya fito da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Daga daren nan 'yarsa ta fara rera wata waƙar reno da ba wanda ya koya mata.

*Gargaɗi:* ka san ƙarshen labarin tun yanzu, ka rubuta shi. Masu cewa "zai zo da kansa in na kai wurin" su ne ke maƙalewa a waƙa ta uku. Sannan kada ka ɗauka sai ka kwaso hotunan shaiɗan da wasa da addini irin na wasu mawaƙan Turai kafin abu ya ba da tsoro. Ban ga amfaninsa ba, kuma zai rufe maka kunnen mutanen da kake son su saurare ka. Rijiyar da aka ce kada a buɗe ta fi duk wannan razanarwa.

2. Yanka labarin zuwa waƙoƙi

Yanki ƙananan takardu tara. A kan kowace rubuta abu huɗu: me ya faru, wa ke magana, saurin kiɗan, da tsawonta. Doka ɗaya ce a nan, kowace waƙa abu ɗaya ke faruwa a cikinta. In ka ga takarda tana ɗauke da aukuwa biyu, raba ta. In ka ga wadda ba abin da ya faru a cikinta, yaga ta.

Shimfiɗa su a tabarma ka duba jerin. Ta farko gajera ce, minti ɗaya ko biyu, ƙofa ce kawai. Ta biyu ita ce mai ƙarfi da za ta riƙe mutum. Sirrin da aka binne kuma kada ka tona shi da wuri. A Abigail sai a waƙa ta biyar, tsakiyar albam cif, ake komawa shekara 68 baya a ga asalin masifar. A labarin rijiya ma nan zan sa tsohuwar maƙwabciya ta faɗi wanda ya faɗa ciki da wanda ya rufe bakin rijiyar alhali ana jin kuka.

Dubi layin sauri. Idan waƙa uku masu gudu sun biyo juna, kunne zai gaji, tsoro ya mutu. Sa mai jan ƙafa a tsakani, irin mai bugu 60 zuwa 80 a minti, kafin ka koma mai bugu 160 ko sama.

Tsawon duka kada ya wuce minti 35 zuwa 45. In kana mafarkin wata rana a buga shi a faifan garmaho, ka tuna kowane gefe kusan minti 22 yake ɗauka ba tare da sauti ya raunana ba, don haka ka shirya inda labarin zai tsaya a juya faifai.

3. Ba kowane abu muryarsa

Wannan matakin shi ne ke bambanta albam mai labari da tarin waƙoƙi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kafin ka tsara waƙa ko ɗaya, ƙirƙiro gajerun karin kiɗa biyu ko uku, kowanne sauti uku zuwa biyar, ka ɗaura kowanne a kan wani abu na labarin. Rijiya tana da nata. Yarinya tana da nata. Duk lokacin da abin ya kusanto, karinsa zai fito, ko da baitin bai ambace shi ba. A waƙa ta shida mai sauraro zai ji karin rijiya ya ɓullo a ƙarƙashin maganar uba, gabansa ya faɗi kafin ya san dalili. Abin da kake nema ke nan.

Ga dabarar da aka daɗe ana amfani da ita. A kan tsirkiya ɗaya ta jita, danna wani gurbi (sararin da ke tsakanin ƙarafa biyu na wuyan jitar), sannan ka ƙirga gurbi shida gaba ka danna. Tazarar da ke tsakanin sautukan nan biyu ba ta zama lafiya a kunne, kamar tambayar da aka ƙi amsawa. Da ita ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam a Ingila ta buɗe albam ɗinta na farko a 1970, bayan ƙarar ruwan sama da ƙararrawa. Tazarar gurbi ɗaya tak, sauti biyu masu goga juna, ita ma tana yin wannan aiki.

Karin yarinya kuwa ka yi shi mai daɗi, mai sauƙi, wanda uwa za ta iya rerawa tana jijjiga goyo. Ka fara gabatar da shi tsaf, da jita marar ƙara. Sannan duk dawowar da zai yi ka ɓata shi kaɗan: sauti ɗaya ya zame ƙasa, ko saurinsa ya ragu, ko wata murya ta biyu ta shigo ƙarƙashinsa. A waƙar ƙarshe jita mai ƙara ta ɗauke shi gaba ɗaya.

*Gargaɗi:* kada karin ya wuce uku. Na huɗu ba wanda zai tuna shi.

4. Baitoci

Rubuta da bakin mutanen labarin, a lokacin da abin ke faruwa. "Igiyar ta yi nauyi, ba ruwa ba ne" ya fi "ya ji tsoro ƙwarai" sau goma. Nuna takalmin, nuna laka a tafin ƙafar yarinya da asuba alhali ƙofa a kulle ta kwana. Dodon kansa kuwa, kada ka siffanta shi. Masu tatsuniya sun san wannan tun da can, ba su cika tsayawa faɗin kamannin Dodo ba, kowane yaro shi ke ƙera nasa a cikin duhu.

Amshi shi ne inda mai sauraro ke jin kalmomi sosai saboda maimaici, don haka duk abin da dole ya sani don ya bi labarin, sa shi a amshi.

In da Hausa za ka rera, akwai abin lura da mawaƙin Ingilishi ba ya fama da shi. Harshenmu yana da karin sauti da tsawon wasali. Gadon kwanciya da gadon dukiya a rubuce ɗaya suke, a baki daban. Wuyan jiki da wuyar sha'ani haka. Idan karin kiɗan ya ja wasalin da ya kamata ya gajarta, ko ya ɗaga inda kalmar ke sauka, mutumin da ya gaji gida zai koma mutumin da ya hau gado, kuma mai sauraro zai yi dariya a inda kake son ya ƙame. Maganin shi ne ka karanta kowane layi da ƙarfi kamar magana, ka naɗa a waya, sannan ka sa karin waƙar ya bi hawa da saukar maganar.

5. Kayan aiki da kuɗinsu

Zan faɗi farashi da dala, saboda na naira yana canzawa kafin a gama karanta wannan.

Kwamfuta, ko da tsohuwa ce, in dai tana da ƙwaƙwalwar aiki gig 8. Manhajar naɗa sauti: Reaper nake ba da shawara, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne. Akwatin da ke shigar da jita da makirufo cikin kwamfuta, irin su Focusrite Scarlett, sabo yana tsakanin dala 100 da 200, na hannu ya fi sauƙi. Makirufo: Shure SM57 ko SM58, kusan dala 100 kowanne, kuma suna jure ihu da faɗuwa. Hedifon mai rufe kunne ruf. Jitar lantarki da jitar bes, wato mai kaurin sauti, ko aro ne, da sababbin tsirkiyoyi.

Amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jita sauti, ba dole ba ce. Neural Amp Modeler kyauta ce, tana kwaikwayon sautin manyan amfilifayoyi a cikin kwamfuta. Ganguna ma haka, MT Power Drum Kit 2 kyauta ce kuma ta isa a fara da ita.

*Gargaɗi:* jabun SM57 da SM58 sun cika kasuwa. In aka ce maka sabo ne a kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa, ka san abin da ake sayar maka. Kuma in kuɗinka ba su kai ga komai ba, fara da tsirkiyoyi. Tsohuwar tsirkiya ba manhajar da ke gyara ta.

6. Yi gwaji na albam ɗin gaba ɗaya

Kafin naɗi na gaske, haɗa dukan waƙoƙin a gurguje: jita ɗaya, gangunan kwamfuta, murya ko da raɗa ce. Jera su a fayil ɗaya, ka kashe fitila, ka saurara daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa. Sannan ka ba wani da bai san labarin ba ya ji, ka ce ya ba ka labarin da bakinsa. Inda ya ɓace, nan aikinka yake. A wannan matakin canza jeri ko jefar da waƙa ba ya cin komai. Bayan naɗi kuwa zuciyarka ba za ta bar ka ka jefar ba.

A nan ne kuma za ka tsayar da saurin kowace waƙa, ka kunna ƙwanƙwasar da ke riƙe lokaci. Duk abin da za ka naɗa nan gaba a kanta zai hau.

7. Naɗa kiɗan

Saita aikin a bit 24, da 44.1 ko 48 na kilohaz, ka bar shi haka har ƙarshe. Jerin shi ne ganguna, bes, jitar raka mai riƙe kiɗan, jitar gaba mai fitar da kari a samansa, sai murya.

In gangunan kwamfuta ne, kada ka bar kowane bugu da ƙarfi iri ɗaya, sai su yi ƙarar keken ɗinki. Sassauta wasu, ƙarfafa wasu.

Jitar raka sau biyu ake kaɗa ta. Kaɗa ɗaya ka tura kunnen hagu, sake kaɗawa daga farko ka tura dama. Kwafin na farko ba zai yi ba, ɗan bambancin da ke tsakanin hannu na farko da na biyu shi ne ke ba da faɗi. Rage ƙazantar sautin, wato gurnanin nan da ake sa wa jita, fiye da yadda ranka ke so, domin in ta yi yawa sai kaɗin ya narke ya zama ƙugi, karin rijiyar da ka sha wahala a kansa ya ɓace. In kana son nauyi, sassauta babbar tsirkiya mataki ɗaya ƙasa. Duba saitin tsirkiya kafin kowane ɗauka, ba kafin kowace waƙa ba.

Kada allurar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar ta taɓa ja. Bar ƙololuwarta a wajen -10.

*Gargaɗi:* wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma jita mai ƙara tana jawo wannan gunjin ta ninka shi, musamman a kan janareta ko gidan da wayarsa ba ta da layin ƙasa. Na taɓa kwana biyu ina naɗar jita a kan janareta, ina jin daɗin abin da na kaɗa, sai da na zo haɗawa na tarar da gunji kwance ƙarƙashin kowane layi. A wuraren ƙara ba a ji, amma a wuraren shiru, inda tsoron yake, shi kaɗai ake ji. Dole na sake komai. Yanzu cajin kwamfuta nake yi, in zare waya daga bango, in naɗa a kan batir. Ka kuma riƙa juyawa da jitar a hannu a hankali har ka sami fuskar da gunjin ya fi raguwa, ka tsaya a nan.

Kowane dare kwafe aikin zuwa wuri na biyu, filash ko rumbun ajiya na waje.

8. Murya

Kai ne 'yan wasan duka. King Diamond ya yi suna ne da wannan, siririyar murya ta can sama ga wani, gurnani ga wani, magana a hankali ga wani, har a albam ɗinsa na 1988 ya yi muryar kaka. Ba sai kana da irin maƙogwaronsa ba. Abin da ake bukata shi ne kowane mutum a gane shi da jin farko, kuma kada ya canza daga waƙa zuwa waƙa. Rubuta a takarda: uba muryar ƙirji, tsohuwa raɗa kusa da makirufo, abin cikin rijiya murya biyu a haɗe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In kana da 'yar'uwa ko abokiyar aiki da za ta yi muryar mace, ya fi ka matse taka.

Ɗaki mai siminti tsirara yana dawo da sauti. Jingine katifa a bango bayanka, rataya bargo a gefe, kashe fanka. Za ka yi gumi. Naɗa minti goma, buɗe ƙofa ka sha iska, ka dawo.

*Gargaɗi:* ihu da gurnanin metal daga ciki suke fitowa, da iska, ba da matse maƙogwaro ba. In ka ji zafi ko ƙaiƙayi, tsaya nan take, ranar ta ƙare. Sha ruwa mai ɗumi, fara da rera a hankali na minti goma kafin ihu, kuma ka bar waƙoƙin da suka fi wuya zuwa ƙarshen zama. Muryar da ta dishe fiye da mako biyu ta likita ce.

9. Sautukan wuri

Wayarka ta isa. Je bakin rijiya ta gaske da sassafe ka naɗi kukan igiya a kan itace, da faɗuwar guga, da ɗigar ruwa. Naɗi ƙyauren langa-langa, tafiya a kan yashi, kukan mujiya in ka dace. Rage saurin ɗigar ruwan nan da rabi a kwamfuta ka ji abin da za ta zama.

In za ka ɗauko daga intanet, Freesound na da dubbai, amma duba lasisin kowanne, wasu sun hana amfani da su a abin sayarwa. Kada ka yanko daga fim ko kaɗan, za a iya sauke maka albam ɗin gaba ɗaya saboda daƙiƙa biyar.

Kuma a yi da sauƙin hannu. Gishiri ne. Ƙarar guga sau uku a albam duka ta fi sau talatin.

10. Haɗawa da gogewar ƙarshe

Yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 zuwa 100, wato sauti mafi kauri, daga jita da murya, ka bar wa bes da babbar ganga wurin. Ɗaga murya sama da yadda aka saba a metal, domin a nan kalmomi ne ke jan kaya. Gwada a hedifon, a mota, da sifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji.

Wuraren shiru ka bar su shiru. Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, don haka matse sauti don ya fi na kowa ƙara ba ya ƙara maka komai, sai dai ya kashe bambancin raɗa da ihu, wanda shi ne jarinka.

Goge albam ɗin a zama ɗaya, waƙoƙin na jere, don ƙararsu ta daidaita. Lura da gaɓoɓi: inda kake son waƙa ta zarce cikin ta gaba ba yankewa, yanka a daidai wurin ba tare da barin sarari ba, ka fitar da fayilolin a WAV. In kana da ɗan kuɗin biyan ƙwararre a mataki ɗaya kawai, wannan ne.

11. Bango, rubutu da saki

Hoton bango murabba'i ne, 3000 a 3000. Abu ɗaya ya isa, takalmin nan a bakin rijiya. Rubuta baitocin duka, da sunan mai magana a gaban kowane sashe kamar wasan kwaikwayo, ka haɗa su a fayil ɗin PDF tare da albam ɗin. Da yawa sai da takardar a hannu suke gane labarin a ji na farko.

Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, na barin ka ɗora kyauta, suna cire kashi 15 cikin 100 na cinikin saukewa, kuma shafinsu na nuna baitoci kusa da kowace waƙa. Don shiga Spotify da Apple Music sai ta hannun dillali irin DistroKid, mai karɓar kuɗin shekara. Kafin ka biya kowa, tabbatar da hanyar da kuɗinka za su iso ƙasar da kake, domin ba kowace hanyar biya ce ke aiki ko'ina ba. Miƙa albam ɗin mako huɗu kafin ranar fita.

*Gargaɗi:* waƙar da za ka fara saki don talla kada ta zama mai tona sirri. Ta biyu ko ta uku ce ta dace. Sannan ka ɗora albam ɗin a YouTube a matsayin bidiyo ɗaya mai tsawo, baitoci na tafiya a allo, da alamar lokacin da kowace waƙa ta fara a ƙasan bidiyon. Manhajojin waƙa suna yawan cakuɗa jeri, kuma wanda ya fara jin waƙa ta tara ya riga ya san wanda ya sauka cikin rijiyar.